Abin da Ke Bayan Faifan Famfo

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu leƙo wannan shafi. Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa, "Furera, ke dai kin cika kuka." Na ji, na kuma karɓa. Amma 'yar uwa, kafin ki yanke mini hukunci, bari in ba ki labarin jiya Talata, ranar da na shiga gidan da aka gina da sunana, rataye da jakar kayan aiki, na je gyara wa wata banɗaki.

Ƙauyenmu yana bayan Tsanyawa, irin ƙauyukan nan da gona ke bin gona, gida ke leƙen gida, in ka yi atishawa a tsakar gidanku maƙwabta su yi maka addu'a. Mahaifina, Malam Iliyasu, mai aikin famfo ne. Ya fi shekara ashirin a Kano yana haɗa bututu a gidajen masu hali, ya dawo gida da jakar fata guda ɗaya da suna mai kyau. Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne, yau shekara uku ke nan hannun Baba ya kama rawa, idonsa kuma ya yi yana. Babban aiki yana yi da lalube. Amma ƙaramin noti, ko wani abu mai son lallaɓawa, wannan ni ce. Mutane suna ganin yarinya da hijabi tana riƙe wa tsoho jaka, suna sa mini albarka. In an shiga banɗaki an turo ƙofa, sai in naɗe hannun riga.

Mutum ɗaya ne a waje ya san wannan sirrin, shi ne Uwaisu.

Uwaisu direban bas ne, Tsanyawa zuwa Kano. Dogo, baƙi, mai wushirya, ga surutu kamar an kunna rediyo. Wata rana tankin masallacin tasha ya lalace, muka je gyara, ya leƙo ba sallama ya same ni da sifana a hannu, Baba yana riƙe mini tocila. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa sai ya durƙusa ya gaida Baba, ya juyo ya ce, "Injiniya, sannu da aiki." Bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma tun daga ranar bai sake kira na da wani suna ba.

Da maganar aurenmu ta yi ƙarfi aka kawo goro da alewa aka sa rana, sai ya fara gini a bakin titi, ɗaki biyu da falo. Rannan muna zaune sai ga ihun yara. Uwaisu ne ya ɗauro wani farin bahon wanka a saman bas, irin dogon nan da mutum ke kwanciya a ciki. Wai wani gida ake rushewa a Bacirawa, mai gidan ya ce a ɗauke masa shi. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce kwale-kwale ne, wasu suka ce kwamin shayar da shanu. Inna Hure, mahaifiyata, ta riƙe haɓa ta ce, "Mu da muke jan guga, ina mu ina kwanciya a ruwa kamar kwaɗi?"

Uwaisu ya ce, "Inna, matar da ta gyara wa gari famfo, ai ba za ta yi wanka da bokiti ba." A hankali ya faɗa, ni da Inna kaɗai muka ji.

Baba ya ce aikin famfon gidan gudummawarsa ce. Ni aka ba zaɓin kwalliyar kan famfon. Uwaisu ya turo mini hotuna daga kasuwa a Kano, na zaɓi mai ruwan gwal. Famfo biyu ne a kan bahon, kowanne da 'yar hula a bisa, da mariƙi, da zobe, sai wani faffaɗan ƙarfe zagayayye da ke rufe inda bututu ya fito daga bango. Baba faifai yake ce masa, don ya yi kama da faifan rufe ƙwarya. Baba kuma yana da wata ɗabi'a: duk aikin da ya yi, sai ya karce ranar da ƙusa a bayan faifan dama, wai don wanda zai zo gyara bayan ransa ya san shekarun aikin. Ranar ni na karce masa, Uwaisu yana tsaye yana kallo. Na ɗaura, na zagaye bakin da farin siminti da yatsana.

Daga nan ne duniya ta juya mana baya. Kun san shekarun, ba sai na tuna muku ba. Mai ya yi tashin gwauron zabo, taki ya gagari manomi, kwanon masara ya zama abin da ake tunani kafin a taya. Masu gini suka daina gini, masu famfo ya lalace suka koma ɗaure shi da roba. Bajimin da Baba ya yi shekara biyu yana kiwo don kayan ɗakina, cikinmu ne ya cinye shi kafin kaka. Kafinta kuwa, in ka je yau ya faɗi magana, in ka koma jibi ya ce katako ya tashi.

Aka ɗaga biki daga bayan ƙaramar Salla zuwa bayan babba. Aka sake ɗagawa zuwa kaka. Kaka ta zo da gero shafal, aka ce sai wata shekarar.

Uwaisu ya zo da kawunsa har zaure. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce, "Baba, ni Furera nake so. Ina da katifa, ina da tabarma. A ba ni ita haka, sauran a hankali."

Baba ya ce, "'Yata ba za ta shiga ɗaki tsirara ba, ƙawayenta su zo ganin ɗaki su koma suna dariya."

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Injiniya, kin ji abin da Baba ya ce. Ki yi masa magana mana. In daga bakinki ya ji, zai yarda."

Na rubuta, "Duk abin da Baba ya yanke shi ne."

"Ke fa? Ke me kike so?"

Na daɗe ina kallon wayar. Wallahi 'yan uwa, ko a kan buhu aka ce in kwana a gidan nan zan kwana. Amma ta yaya zan tsaya gaban Baba in ce ina son aure? Da wane bakin? Kuma ina ganin yadda yake fita da sassafe ya dawo jaka ba a buɗe ba. Na ce a raina, in na ce a kai ni haka, na tona masa asiri, na gaya wa duniya Malam Iliyasu ya gaza. Sai na tura masa, "Ka ƙara haƙuri."

Haka muka yi ta yi. Shi yana cewa kalma ɗaya, ni ina cewa haƙuri. Har Hajiya Asiya, mahaifiyarsa, ta gaji. Ban ga laifinta ba, shi kaɗai ne ɗanta namiji, gida ya yi shekara biyu a rufe gizo-gizo yana saƙa. Ta aiko cewa in ba a shirya ba a sahale musu.  Washegari Baba ya sa aka ɗora akwatunan lefe a amalanke aka mayar. Ina ɗaki ina jin ƙarar tayar har ta ɓace. Ban yi kuka a gabansa ba, shi ma bai dube ni ba.

Wata biyar ke nan. Ba kira, ba saƙo. Sai labari muka ji an ba shi wata 'yar Minjibir mai suna Asama'u, ɗaurin aure Asabar ɗin nan mai zuwa.

Shekaranjiya Litinin aka yi sallama daga gidan Hajiya, wai a zo a cire kwalliyar famfon banɗaki a sa wata, an riga an sayo.

Inna ta tashi kamar an zuba mata garwashi. "Cin fuska ne! Dangin amarya ne suka ji ke kika zaɓa. Duk ƙasar nan babu wani mai famfon sai mu? Malam, ba inda za ka."

Baba ya ce, "Aikin da na fara, ba wanda zai sa masa hannu ina raye."

"To da wane hannun za ka yi?"

 Inna ta toshe bakinta, amma magana zarar bunu ce. Na ga Baba ya tura hannunsa cikin aljihun riga. Na shiga ɗaki na ɗauko jakar, na duba sukudireba da filaya da reza, na ce wa Inna ta ajiye mini lemon tsami biyu.

Jiya na sa tsohuwar atamfata mai ganyen kuɓewa, wadda ta koɗe, da hijabi ruwan toka har ƙasa. Ko kwalli ban sa ba. Na ce in zan shiga gidan nan a matsayin 'yar aiki, to in shiga sosai.

Mun same shi cike da mata 'yan jere. An yi fenti ruwan madara, an rataya labule masu ruwan azurfa, ƙamshin turaren wuta har waje. Gadon amarya yana jingine a falo ba a haɗa ba, da kujeru a cikin leda. Na sunkuyar da kai na bi bayan Baba. Uwaisu ba ya nan, an ce ya yi lodin Kano tun asuba. Na gode wa Allah, kuma na ji haushi. Kada ku tambaye ni yadda aka yi duka biyun suka zauna a zuciya ɗaya.

Wata dattijuwa mai fara'a, Gwaggo Rahmatu, ƙanwar mahaifin amarya, ita ta raka mu banɗakin. Ba ta san ni ba. Baba ya fita rufe ruwa daga tanki, ya tsaya a can suna gaisawa da magina. Na jira ta tafi, ta ƙi tafiya. Ta ma jawo bokiti ta kife ta zauna.

"Au, ke ce mai yi? Ikon Allah! Yi abinki 'yata, ba mai ji a bakina."

Na durƙusa a gefen bahon. Na fara da na hagu. Na naɗe bakin sukudireba da tsumma don kada ya karce, na sa a ƙarƙashin 'yar hular na ɗaga a hankali, ta fita. Na kwance notin da ke ciki, na jijjiga mariƙin na zare, na murɗe zoben. Faifan ya kama bango gam, simintin da na shafa da yatsana yana nan yadda na bar shi. Na matsa masa lemon tsami, na jira, na bi gefen da reza.

Gwaggo Rahmatu tana ta zuba. "Ni ban ga aibun wannan ba wallahi. Mu mun ce a bar shi, ai gwal ya fi kyau. Angon ne ya kafe, wai sai an cire, kuma wai lallai sai Malam Iliyasu."

Rezar ta tsaya a hannuna.

"An ce wata ya so da fari," ta rage murya. "Shekara biyu suna ja masa rai. Yarinyar ma an ce ba son sa take ba, ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana yi ba. Allah dai ya yi rabon Asama'u ne. Marainiya ce, a hannuna ta tashi. Ranar da aka sa rana kwana ta yi tana kukan murna. Ke kina da miji?"

"A'a, Gwaggo."

"Allah ya kawo nagari, mai haƙuri irin namu."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Na koma kan na dama. Tun kafin in taɓa na san wani ya riga ni. Gefen hular duk ƙarce ne, irin na wanda ya sa wuƙa. Kan notin ya cinye, an murɗa shi da abin da ba nasa ba, ba sau ɗaya ba. Simintin kuwa babu shi. Ina zare zoben, faifan ya faɗo tafin hannuna da kansa.

Na juya bayansa.

A sama akwai rubutuna, ranar da muka ɗaura. A ƙasansa rubutun Uwaisu ne, na san yadda yake karkatar da bakwai. Ranar bikinmu ta farko, an ja mata layi. Ta biyu, an ja mata layi. Ta uku, an ja mata layi har ƙusar ta kusa huda ƙarfen. Wato duk lokacin da aka sa mana rana, sai ya zo gidan nan shi kaɗai ya kwance famfo da wuƙa, ya rubuta a inda Baba ke rubutu. Can ƙasa, inda wuri ya ƙare, ya matse haruffa: "Injiniya, kalma ɗaya na jira." Wannan ya yi duhu, ya kwana biyu. Amma a gefensa akwai wasu kalmomi biyu da ke ƙyalli, ko tsatsa ba su fara ba.

"Har yanzu."

Ban san hawaye ya zubo ba sai da na ji shi yana ɗiga a cikin bahon.

"Lafiya, 'yata?"

"Lemon tsami ne ya fallatsar mini a ido, Gwaggo."

Ta tashi da sauri ta kawo mini ruwa a kofi, har da zoɓo mai sanyi a leda. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na jefa faifan a jaka, na ɗauko sababbin masu ruwan azurfa. Na ɗaura su tsaf, na daidaita, na shafa siminti, na goge da tsumma har suna ɗaukar ido. Baba ya buɗe ruwa, na murɗa, ya zubo ba ɗigo ko ɗaya a gefe. Mata suka leƙo suna guɗa. Ban karce komai a bayan sabon faifan ba.

A hanyar komawa ba mu sami mota ba, muka bi ta cikin gonaki. Rana ta yi sanyi, dawa ta fi mu tsayi, mata suna tsinkar ganyen wake. Da muka zo gindin tsamiyar da ke rabin hanya Baba ya ce mu huta. Ya karɓi jakar, ya zura hannu yana lalube kamar yadda ya saba, don ya tabbatar ba a bar komai ba. Na ga ya fito da faifan. Na ga babban yatsansa yana bin bayansa, ya sauka, ya sake hawa.

"Furera."

"Na'am, Baba."

"Layi ɗaya muka rubuta."

Na kawar da kai, ya matso da faifan gabana.

"Karanta mini."

"Baba, ba komai ba ne."

"Ban taɓa roƙon ki abu ba. Karanta mini."

Na karanta masa. Ranakun uku, da layukan da aka ja musu, da sauran.  Da na gama ya juyo gare ni, faifan yana kaɗawa a hannunsa.

"Wace kalma yake jira?"

"In ce maka na yarda a kai ni haka. Ba gado, ba kujera."

"Kin yarda ɗin?"

Kunya ta rufe ni, amma me ya rage da zan ɓoye? Na ce, "Tun ranar farko, Baba. Na ji tsoron kada a ce ka gaza."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ban taɓa jin irinsa ba. Ya ce, "Innalillahi. Ni kuma ina zaure ranar nan, na san kina bayan ƙofa. Na ce a raina, in yarinyar nan ta yi ko tari ne, zan ba shi. Na ji shiru. Na tambayi uwarki, ta ce kin ce duk abin da na yanke. Sai na ɗauka ke ce kike jin kunyar ƙawayenki, kike kunyar faɗa mini." Ya share fuska da hannun riga. "Ni mutuncin me gare ni da ya wuce ke? Ai da kin yi magana."

'Yan uwa, da na sani ƙeya ce. Shekara biyu ina rufa wa Baba asiri, shi yana rufa mini, ashe junanmu muke binnewa. Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka mayar da lefe. Bai hana ni ba.

Can ya ce, "Yau Talata ko?"

"E."

"Kira mini shi."

Na ɗago. "Baba, an raba goro. An yi jere. Yarinyar marainiya ce, ba ta yi mana komai ba. Gwaggonta zoɓo ta ba ni."

"Na sani. Ban ce ki ƙwace na kowa ba, kuma ban san abin da zan ce masa ba. Amma shiru ya ci mu sau ɗaya." Ya miƙo mini faifan. "In kin ce a bari, mu tashi mu tafi gida, ba zan sake tayar da maganar ba har in mutu. Wannan karon ba zan yanke miki ba. Ke za ki faɗa, da bakinki."

Na ciro wayar daga cikin hijabi. Wata biyar ban goge lambar ba, tana nan da sunan da na sa mata, Direba. Na tuna wushiryarsa. Na tuna yarinyar da ban taɓa gani ba, wadda ta kwana tana kukan murna, watakila a daidai lokacin ana zana mata lalle. Baba ya juyo da idanunsa masu yana yana jira na.

Ni ce mai hannun da ba ya rawa a gidanmu, da shi muke ci. Jiya a gindin tsamiyar nan, na ɗora yatsa a kan sunan Uwaisu, sai Baba ya kamo hannuna da nasa biyu don ya tsayar da rawar da yake yi.